Kawu da Kifin Roba

Daren Alhamis, unguwar Misfala, Makka

Wallahi na gaji. Ni na jawo wa kaina da na ce wa Kawu Ɗanjuma jibi za mu je kamun kifi bakin teku a Shu'aiba. Mutumin Yawuri ne, a kwalekwale ya girma, jiya-jiyan nan ya gama Umra.

A wani shagon kayan kamun kifi a unguwar Aziziyya ya lanƙwasa sandar fatsa har mai shago ya dafe ƙirji. Ƙugiya da zare duk ya yarda da su. Da aka kawo ɗan kifin roba mai ƙyalli, sai ya shinshina, ya ajiye.

Ya ce, "Ɗana, wannan ha'inci ne. Ina ƙasa mai tsarki, gashina ko tohowa bai yi ba, in yaudari kifi da abincin ƙarya? Tana nake so."

Tana a Makka, garin duwatsu! Na dai sayi robar. Muna dawowa ya hau soro ya tone tukwanen na'ana'ar matata Maryam kaf. Ba tana, ba na'ana'a, ga Maryam ta daina yi min magana.

Ɗazu na leƙa falo, na tarar yana shafa wa kifin robar daddawa. Wai don a samu 'yar gaskiya a cikin maganar.