Ƙarfen da Basiru Ya Bari

Daren Talata, Kalgo

Bayana ya riƙe tun la'asar. Isha'i ma a zaune na yi ta.

Likita ce ta ce in riƙa ɗaga abu mai ɗan nauyi saboda ƙashi, tunda al'ada ta ɗauke. Sai na jawo ƙarfen nan mai gwangwanayen siminti da autana Basiru ya bari. Na sunkuya ƙafa a miƙe, yadda nake shara tun ina yarinya, na fizgo shi, kwankwaso ya amsa. A waya Basiru ya ce, "Inna, gwiwa ake lanƙwasawa, kuma da ƙarami ake farawa!" Ai da ya faɗa kafin ya tafi makaranta.

Yaya Hajo ta biyo za ta koma Gwandu, ta yi ta dariya. "Ke da kinka aurad da ɗiya, mi za ki yi da ƙarfi?"

A raina na ce: Gidan nan in na faɗi, wa zai ɗaga ni?

In na warke, da rabin galan na ruwa zan fara. Yaya Hajo ta bar mini man zafi. Na gwada shafawa ta sama, na gwada ta ƙasa, hannuna bai kai wurin ba.