Babana Ya Yi wa Golan Unguwarmu Waƙa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Shekarata goma sha bakwai. Babana tsohon gola ne, kuma mawaƙi. A zamaninsa in ƙwallo ta yi nisa sai ya jingina da ƙarfen raga yana tsara baitoci, a tashi wasa ya rera wa 'yan kallo. Mama ta ce har an taɓa zura masa ƙwallo yana tsaka da neman amsa-amo. Yanzu gwiwa ta hana shi wasa, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau. Kullum da yamma yana bayan raga a filin unguwa, kan kujerarsa ta roba.

To Anti, akwai wani. Golan unguwarmu ne, dogo, mai shiru-shiru, irin na cikin littafi sak. Ban taɓa yi masa magana ba, ta taga nake ganinsa in zai wuce. A raina dai har mun raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Rannan ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, nan take Baba ya yi masa waƙa, wai ƙafafunsa ƙofar kasuwa ce. Yanzu har mai shago rerawa yake, ƙanena kuwa da ita yake wanka. Bawan Allah ya daina bin layinmu, an ce ma zai bar wasan. A littafi sai an zo neman yarinya ubanta ke korar mutum. Nawa ya kore shi tun bai san da ni ba. In na zo yi wa Baba magana sai kunya ta hana ni. Ya zan yi?

Mai Leƙen Taga

'Yata, ajiye sunayen jariran nan tukuna, yaron ko naki sunan bai sani ba.

Babanki bai kyauta ba, amma ban ga mugunta a ciki ba. Mutum ne da ya saba a saurare shi, waƙar ce kawai ta rage masa a filin. Sai dai abin da yake raha a wurinsa yana shirin raba yaro da wasansa.

Ba sai kin tona zuciyarki ba. Ki samu Mama, ki ce waƙar ta sa yaron mutane zai bar ƙwallo. Ita ta san yadda za ta tuna masa da ƙwallon amsa-amo. Ta ce ya kira yaron ya koya masa rufe ƙafa, in ya kama ƙwallo kuma ya yi masa baiti mai daɗi ya goge wancan.

In ya dawo bin layinku, ki kalle shi a mutum, ba jarumin littafi ba. Ki kuma riƙa rufe tagar lokacin karatu. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba Baba lafiyar gwiwa.