Kira Min Waccan

Zuwa ga Halimatu,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da ake yi wa waɗanda suka riga mu, da fatan makwancinki a yalwace yake, kuma ƙasar Masar da ba ta yi miki sauƙi ba kina kanta, ta yi miki sauƙi kina cikinta.

Muna nan unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, a gidan da kika bar mu, can ƙarshen bene, har yau ba a gyara fitilar matakala ba. Gwiwata ta fara ƙorafi. Ina zuwa kasuwar Ataba kamar kullum, in yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, su sayi mayafai da takalma su koma gida, ni in koma jirgin metro. Na daina cewa baɗi zan koma Gusau. Ko ni na gaji da jin kaina.

Na san ba kya son a baza zancenki. A shafina nake rubuta wannan, mutane za su karanta. Ma'alish, ki yi haƙuri. Maganar ta riga ta fi ƙarfina, don nan gaba kaɗan a jikin kwalba za a gan ta.

'Yar Farisa ta dawo.

Kin tuna ta. Ke kika raɗa mata sunan, don kin ce nata na gaskiya yana karya harshe. Iyayenta mutanen Iran ne, ita kuma a Amurka ta tashi. Lokacin da ta hawo benen nan ba kowa ba ce, budurwa ce da jakar goyo da ƙaramar kyamara, tana yawo ƙasa ƙasa tana ɗaukar yadda mata ke gyaran jiki, ta sa a shafinta. Wata amarya 'yar Sudan da kika yi wa gyara ce ta ba ta labarin dilkarki ta gyaran fata. Ni na yi muku tafinta.

Ta zauna a tabarma. Kika miƙa mata kisra, gurasar Sudan, da miya, ta dafa ƙirji ta ce ta ƙoshi. Kika sake miƙawa, ta sake ƙi. Ba ki janye kwanon ba, ita ma ba ta ɗauke idonta daga kansa ba. Sai da kika gaji da tayi, ta gaji da ƙi, sannan ta ci kamar wadda ta wuni a hanya. Ta ce min a gidan babanta haka ake yi, abin da ka fi so shi kake fara ƙi. Da na fassara miki, kika ce, “To ai wannan tamu ce, fatar ce kawai aka canza mata.”

Kin yarda ta ɗauki hannuwanki, ban da fuska, ban da suna. Ta ɗauki yadda kike kwaɓa gari da ƙanumfari da sandal, da yadda kike kifa ƙwarya a kan hayaƙin itacen da ake kawo miki daga garinku Gadarif ta Sudan. 'Yarmu Safiya na gefe tana miƙo miki abubuwa. 'Yar Farisa ta tambaya, wace ce wannan? Ba ki ɗago kai ba kika ce, “Yarinyar gidan nan ce.” Na fassara kamar yadda kika faɗa, aikin tafinta ke nan. Safiya ta ji, kuma ta riga ta kai shekarun da ake riƙe magana.

Ku Hausawan Sudan kun damƙe abubuwan da mu a gida muka fara saki. Kunyar 'yar fari a wurinki kusan ibada ce. Ba ki taɓa kiran sunanta ba. In kina son ta, sai ki ce min, “Malam, kira min waccan.” Da a Gusau ko Gadarif muke, ba wanda zai ga wani abu. Amma a Alƙahira muka haife ta, inda ake kiran uwa da sunan ɗanta na fari, kuma abin alfahari ne. Maƙwabciyarmu takan leƙo ta taga ta ƙwala, ya Ummu Safiya, ke kuwa ki yi kamar ba da ke ake ba. A ƙofar makaranta iyaye mata suna rungumar 'ya'yansu, habibti, ya albi, ke kina tsaye can nesa da lemarki, in ta fito ki juya ki yi gaba, ta biyo ki a baya.

Na yi wa Safiya bayani ba sau ɗaya ba. Ta ce, “Baba, kai komai sai ka ce al'ada.” Da Larabcin Masar ta faɗa, don Hausarta har yau ɗingishi take yi.

Bari in ba ki labarin 'Yar Farisa bayan ta sauka daga benenmu, tunda ke ba ki taɓa son a buɗe miki waya ba. Shafinta ya zama kamfani. Ta tara 'yan mata masu koyar da kwalliya a intanet, ta haɗa su da masu sayar da kayan shafa, ta riƙa shirya taruka irin waɗanda ake cika zaure har a rasa wurin tsayawa. Na riƙa ganin hotonta a mujallu, ta yi aski irin na maza, tana sanye da kwat. Daga baya abin ya tangaɗa. Na karanta cewa an yi rigima da abokan hulɗa, an sallami ma'aikata, aka daina jin ɗuriyarta. Ba zan ɓoye miki ba, ban yi baƙin ciki ba. Sai ga ta ta sake ɓullowa ta wata ƙofa. Yanzu ba ta ɗaukar hoton kowa, jari take zubawa. Takan nemo mace mai ƙaramar sana'a, ta sa kuɗi, ta karɓi kaso a kamfanin, in ya girma su girma tare, in ya faɗi ta yi asara.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne bidiyonki. Ya zaga duniya da taken sirrin amaren Masar. Hannuwanki ne, baƙaƙe, da lallen da kika yi wa kanki, amma aka ce Masar. Na ga irin dilkarki a shagunan Giza cikin kwalabe masu zanen Fir'auna. Ke kuma kina hawa benen nan da buhun gari har ranar da numfashi ya ƙi. Ita ta hau, ke kin kwanta, haka na riƙa lissafa abin shekara da shekaru.

Amma a yi adalci. Ta nemi ta sa sunanki, ke kika hana. Da na rubuta mata a kan taken, ta gyara, ta ba da haƙuri, sai dai ruwa ya riga ya wuce. Da ta ji rasuwarki ta aiko da ta'aziyya. Ba ta sace miki komai ba. Ita dai ta fito daga inda ake koya wa mutum ya faɗi sunansa da ƙarfi, mu kuma daga inda ake koya masa ya haɗiye.

Safiya ta gama karatun haɗa magunguna a Giza. Ba ta nemi aikin kemis ba. Ta ɗauko ƙwaryarki, ta zauna tana gwaji har ta samo yadda dilka za ta daɗe ba ta lalace ba, ta fara sayarwa ta waya. Hannunta naki ne sak. Amma ko a takardar da take liƙawa a kwalba ba ta ambace ki ba, ta rubuta gadon matan Sudan. In na yi zancenki, sai ta tashi ta ɗora shayi. Tun da aka kai ki, ba ta bi ni ziyara ba.

Ita ta aika wa 'Yar Farisa bayanin sana'arta, ba tare da ta ce sun taɓa haɗuwa ba. Aka zaɓe ta. Sharaɗin shi ne ta je Dubai ta zauna wani lokaci, inda ofishinsu na wannan yanki yake, ta koyi harkar masana'anta. Ta ce ba za ta tafi ba sai na yarda. Na ƙi ba ta amsa.

Masu karanta wannan za su ce tsoho yana tsoron kaɗaici ne. Akwai wannan. Amma kaɗaici na saba da shi kamar ciwon gwiwa. Abin da na ji tsoro shi ne ta bar garin nan tana ganin uwarta ba ta so ta. In ta tafi da wannan a ranta, ba abin da zai sake dawo da ita inda kike kwance. Zan rasa ta, ke ma ki rasa mai yi miki addu'a bayan ni.

Da 'Yar Farisa ta zo Alƙahira ganin waɗanda ta zaɓa, na ce sai na bi Safiya. Na sa babbar rigata, na shiga motar mikrobas da maganganu cike da baki. Na yi niyyar in tambaye ta ko hannuwan uwar ba su ishe ta ba sai ta haɗa da 'yar.

Ta tsufa, Halimatu. Furfura ta fito mata, idonta irin na wanda ya taɓa faɗuwa a gaban jama'a. Ban kai ga buɗe baki ba ta gane ni. Ta dubi Safiya, ta dubi hannuwanta, ta ce, “Ke ce 'yarta.” Safiya ta ce ai ba haka aka gaya mata ba a ranar. Wannan karon ba a buƙaci tafinta ba, Turancin yarinyar ya fi nawa, don haka na zauna kawai na ji.

'Yar Farisa ta ce tun a ranar ta sani. Ta ce mai kyamara aikinsa kallon hannu ne, kuma ta wuni tana kallon naki. Ba ki dubi yarinyar ko sau ɗaya ba, amma duk lokacin da ta matsa kusa da garwashi, hannunki sai ya tsaya cak a cikin kwaɓin, ba ya ci gaba sai ta ja baya. Ta ce ta sha wahala wajen gyaran bidiyon saboda tsayawar nan. Ta ce, “Ba wanda ke ƙin kallon 'yar aiki da irin wannan ƙoƙari. A gidanmu ma abin da aka fi so shi ake yi kamar ba a gani ba.”

Ni na yi shekaru ina faɗa mata da sunan al'ada ba ta ji ba. Baƙuwa ta faɗa mata da zancen hannu da garwashi, ta ji. Abin ya yi min ciwo, kuma na gode.

Safiya ba ta yi kuka a wurin ba, 'yarki ce. A metro muna dawowa ta tambaye ni, da Hausa, wai me kike cewa in kina son a kira ta. Ta sani sarai. So take ta ji. Na faɗa mata. Ta juya ta kalli taga har muka iso.

Ranar Juma'a ta riga ni shiryawa. Mun zo wurinki tare. In kin ji wata murya tana karanta Ƙulhuwallahu da harshen Misirawa, ita ce.

An ce mata kamfani sai da suna, gajere, mai sauƙin faɗa a kowane baki. Na ɗauka Halima za ta ce, har na fara tunanin yadda za ki ɓata rai. Sai ta ce Waccan. 'Yar Farisa ta gwada a bakinta, ta ce tamam, ya yi, ta tambayi ma'anarsa. Safiya ta ce sunan da uwarta ta sa mata ne.

Na yarda ta tafi. Ban san ko sana'ar za ta yi ba, matar da kanta ta ce yawancin waɗanda take sa wa jari ba sa kai labari. Ban kuma daina ganin cewa ke ya kamata ki ci wannan moriyar ba. Amma khalas, shi ke nan, abin da na tsaya tsarewa ya tsaru.

Allah ya jiƙan ki, Halimatu. Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya jikin amaren mutane. Ya karɓi kunyarki a ma'aunin alheri. Ya tsare yarinyar nan a inda za ta, ya sa ta riƙa dawowa. In ya haɗa mu a gidan da ba hawan bene, ki kira ta da bakinki. In kuma har can kunyar ba ta sake ki ba, ina nan, sai ki ce in kira miki.

Naki, wanda har yanzu yake Ainu Shams,
Malam Sabo