Abin da Mihret Za Ta Ce wa Uwarta

Emaye, mahaifiyata,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki? Ya Gash Tilahun da yara? Ni lafiya lau nake a Seattle, sai dai kewa da ba a rasa ba.

Har yanzu duk Asabar ina koyar da harshenmu na Amharik ga yaranmu da Turawa suka ɗauko riƙo. Akwai Mihret, 'yar shekara sha biyu. Wata mai zuwa za a kai ta can gida, garin Dessie, ta ga uwar da ta haife ta, ga shi gaisuwa kaɗai ta iya da Amharik. Jiya ta ce, "Malama, in ta fashe da kuka, me zan ce mata?"

Abin ya tsaya mini a rai. Emaye, ke uwa ce, me za ki so ki ji? Ki aiko mini da amsa kafin su tashi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Yeshiwork