Hancin Baba

Litinin, 12 ga Satumba

Yau muka gama tattake inabi. Ƙafafuna sun rine har idon sawu, na goga da lemon tsami sun ƙi fita.

Ammo Semaan, ƙanen Baba, ya zo amma ko kwando bai taɓa ba. Rabin gonar nasa ne. Ya tsaya a bakin ɗakin randunan giya yana ce wa Baba, "Abu Jiryes, har yaushe za mu yi ta wasa da yumɓu? Mu sayar wa kamfani inabin nan, kowa ya huta."

Baba ya ce, "Su suna da garin magani da injin sanyi. Ni inabi nake zubawa a randa, ba na ƙara komai, ba na cire komai. Hancina ne mai gadi."

"Ranar da mai gadin ya yi barci, ranar zan kira motarsu." Ammo ya yi dariya, amma ba wasa yake ba.

Da ya gan ni sai ya ce, "Ke ɓera, har yanzu ba a saya miki baki ba?" Na kalli ƙasa. Kullum haka.

Abu ɗaya mai daɗi: yayana Jiryes ya aiko min turare daga Kanada. Kwalba 'yar ƙarama, ƙamshin fure.

Alhamis, 22 ga Satumba

Na yi wauta. Na fesa turaren, na manta, na sauka kai wa Baba gahawa. Dokar gidanmu ce tun zamanin kakanmu, ba a shiga wurin randuna da turare ko sabulu mai ƙamshi, don yana toshe hanci. Bara sai da Baba ya kori Mama daga kan matakala.

Na tsaya dab da shi. Ya karɓi kofi ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Takla." Shi ke nan.

Shi ke nan fa.

Asabar, 24 ga Satumba

Madara ta ƙone a kan wuta, Baba yana zaune kusa da ita yana gyaran almakashi. Sai da hayaƙi ya tashi ya juyo. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi lokacin sanyi yake zuba gishiri da yawa a abinci. Me ya sa ban lura ba?

Asabar, 1 ga Oktoba

Ni nake taya shi danna ɓawon inabi ƙasa da sanda, safe da yamma, don idan ɓawon ya bushe a sama ƙananan ƙudaje su zo. Randunanmu suna da suna. Tsohuwa tana ƙamshin 'ya'yan itacen ceri da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mai Tabo kamar busasshen ɓaure. Amarya ita ce sabuwa, ita aka zuba wa inabin saman tudu, mafi kyau.

Baba ya cusa kai cikin kowace, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Madalla." Iri ɗaya, murya ɗaya.

Amarya tana da wani abu a ƙarƙashin ƙamshinta. Siriri, mai huda hanci, kamar ruwan da Mama take goge jan farce da shi. Ina ƙarama Baba ya taɓa ɗaga ni ya sa na sunsuna irinsa, ya ce, "Ki riƙe wannan. Giya ce ta kama hanyar tsami, za ta zama ruwan khal, kuma ba ta dawowa."

Lahadi, 2 ga Oktoba

Ban faɗa ba.

Laraba, 19 ga Oktoba

An rufe randuna, an liƙe bakinsu da laka. Na gwada Teta, kakarmu, muna tsince mata alkama. Na ce, "Teta, hancin mutum yana mutuwa?"

Ba ta ɗago ba. "Na kakanki bai mutu ba sai da shi ya mutu." Sannan ta ce, "Namiji yakan yafe wa wanda ya zage shi. Wanda ya gan shi tsirara ne yake wuyar yafewa. Ci gaba da tsintarki."

Ashe ta sani. Kuma nata hancin ya tsufa.

Talata, 15 ga Nuwamba

Sitt Odet, mai gidan abinci a Beirut, za ta zo cikin Disamba ta zaɓi jan giyar da za ta ɗauka. Ita ba ta sayen wadda aka sa wa magani ko aka tace. Baba ya ce kafin ta zo zai haɗe Amarya da Tsohuwa wuri ɗaya, ɗaya ta ba da ƙarfi, ɗaya ta ba da laushi.

Idan ya haɗa, duka biyun sun tafi. Sitt Odet za ta sunsuna ta ajiye kofi a gaban Ammo, shi kuma ya kira motar kamfani. Idan na faɗa wa Baba, na gan shi tsirara.

A aji malama ta tambaye ni babban birnin Masar. Na sani. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Asabar, 26 ga Nuwamba



Da safe aka fasa lakar. Ammo ya zo taimako, karon farko, ina jin so yake ya sa ido. Yana da mura, yana ta jan hanci. Baba ya buɗe Amarya, ya sunsuna, ya ce madalla. Ni daga inda nake riƙe da mazurari warin ya doke ni. Ya cika bokiti, ya nufi Tsohuwa.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Baba, ka ce in tuna maka."

Duk suka juyo.

"Ka ce kada a haɗa Amarya da kowa. Ka ce tana warin ruwan goge farce, a bar wa Teta ta yi khal."

Baba ya tsaya da bokiti a hannu. Ya kalle ni, ya daɗe. Kunnuwansa suka yi ja. Na ce a raina yau zai mare ni, shi da bai taɓa ba.

Ya ajiye bokitin. "Haka ne. Na ce."

Ammo ya fyace hanci, ya ɗebo a kofi ya kurɓa, ya tofar. "Kai! Wannan ai sai salak." Ya goge baki. "Hancin nan naka na kare ne, Abu Jiryes, amma ƙwaƙwalwar ta fara yoyo. Ga shi ɓera ma ta yi magana, gobe sai a yi ƙanƙara."

Inabin saman tudu gaba ɗaya ya tafi. Baba ya zauna a kan matakala, ya ce mu tafi.

Alhamis, 1 ga Disamba

Ba ya yi min magana. A tebur sai ya ce wa Mama, "Miƙo gishiri," alhali gishirin yana gabana. Ban sani ba ko haushin ƙaryar yake ji ko na gaskiyar.

Asabar, 10 ga Disamba

Sitt Odet ta zo. Ta ɗaga kofi a haske, ta ga giyar da ɗan duhu-duhu, ta ce haka take so, mai rai. Ta ɗauki Tsohuwa da rabin Mai Tabo. Ta tambayi Baba me yake ji a Tsohuwa ta bana. Ya juya kofin, ya juya.

"'Yata za ta gaya miki. Ina koya mata."

Na ce ceri, da ƙasa bayan ruwan sama, da ɗan hayaƙi a can ƙarshe. A hankali na faɗa, amma ta ji. Ta ce, "Hayaƙin nan na ɗauka ni kaɗai na ji shi."

Ammo ya ce bana mun tsira, baɗi kuma sai a gani.

Litinin, 12 ga Disamba

Kafin in tafi makaranta Baba ya ƙwanƙwasa ƙofata. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Zo ki ji min abin da ragowar Mai Tabo take cewa."

Muka sauka. Na ce lafiyarta lau. Ya sa nasa hancin, ya daɗe, ya ɗago. Bai ce madalla ba. Ya ce, "Babu komai, Takla. Kamar ruwa." Na riƙe masa murfi yana liƙawa.

Ban ce ina son aikin nan ba. Ɗakin akwai sanyi, kuma ƙafa tana rinewa.

Turaren Jiryes na ba wa Mama. Ba don komai ba, dama ya fi dacewa da ita.