Kafin a Ce Sai Haƙuri

Nyanya, 4 ga Maris

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da kowa na gida. Na san za ka yi dariyar wasiƙa a zamanin waya. To, ya zan yi? In na kira sai ka ce kunne ya ƙi, ka miƙa wa Inna. Shi ya sa na ba Abednego direba wannan, tunda kullum motarsa tana bi ta Tungan Maje.

Sati uku ke nan da jami'a ta turo mu wani ƙaramin asibiti a nan, mu koyi zama da masu damuwa a aikace. Baba, na yi abin kunya, kuma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Wata mata ce ta zo. Zan kira ta Magdalena, ba sunanta ba ne, don an hana mu fallasa masu zuwa wurinmu. Wata biyar da rasuwar mijinta. Madam Promise, mai duba aikinmu, ta ce in karɓe ta, ita kuma ta zauna a gefe. Duk abin da littafi ya ce yana kaina: ki fuskanci mutum, ki yi tambayar da ba a amsawa da e ko a'a, ki maimaita masa abin da kika ji, kada ki yi gaggawar ba da shawara. Na ci jarrabawar wannan da maki mai kyau. Amma matar tana fara magana idonta ya kawo ruwa, sai na ji bakina yana cewa, "Sai haƙuri, Mama, sai haƙuri." Na ƙara da cewa ta dage da addu'a, ta riƙa cin abinci. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta yi min godiya, ta fita. Ko minti goma ba ta yi ba.

Madam Promise ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tambaya ɗaya ta yi min: "Wa kika lallasa, ita ko kanki?" Yau kwana takwas matar ba ta dawo ba. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai na miƙe.

Amma gaskiya ba ita ce ta fi tsaya min a rai ba, kai ne. Shekara biyu da rasuwar Yaya Lukman a hanyar Zuba, tun bayan sadakar uku ban sake jin ka ambaci sunansa ba. Inna ta ce ka daina fita majalisa, abinci sai ta yi da gaske, rigunanka duk sun yi maka yawa. Ina jin tsoro, Baba.

Ka gaishe min da Inna. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Muhibba

Tungan Maje, 9 ga Maris

Zuwa ga Muhibba,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da sa albarka, wasiƙarki ta iso. Rubutunki ya lalace, amma tsohon hedimasta ya saba da wanda ya fi wannan.

Ashe yanzu haƙurin ma laifi ne a jami'a? Da shi muka binne iyayenmu. Kwana bakwai mutane suna shigowa gidan nan suna cewa ya haƙuri, muna cewa da godiya, kuma ban ga wanda ya cutu ba. In ba a faɗi haka ba, me za a faɗa? A zauna ana kallon mutum kamar an zo kallon talabijin? Ki tambayar min malamarki.

Shawarata, ki nemi inda matar take, ki je ki ba ta baki. Haka mutane suke yi.

Ni lafiyata lau. Innarki ta cika kai ƙara. Riguna kuwa laifin tela ne. Ki mai da hankali kan karatunki, ki bar tone-tone.

Ki ce wa Abednego ya rage gudu in ya zo kwanar Zuba. Na ga yadda yake tashi daga ƙofar gidan nan, ban so ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Malam Surajo

Nyanya, 20 ga Maris

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Na isar da saƙon Abednego, ya ce ya ji.

Ban je neman matar ba. Madam Promise ta ce ba a bin mutum gida ko wurin sana'arsa, maƙwabta su san ya zo wurinmu. Sai jira. Na yi jiran nan har na fara zargin ko ban dace da aikin ba. Shekaranjiya sai ga ta.

Na zauna a kan hannuwana, Baba, a zahiri, don kada su fara shafa mata baya. Na tambaye ta yadda kwanakin nan suke a wurinta, na rufe bakina. Shiru ya yi tsawo. Ina jin kwandastoci suna kiran Mararaba ta taga, haƙurin nan ya taho har bakin leɓena, na haɗiye shi, na fara ƙirge a zuci. Na kai ashirin da uku kafin ta ce, da irin Hausarta:

"Anti, kowa yana kawo mini haƙuri. A coci haƙuri, a tasha haƙuri. Ɗakina ya cika, ba wurin da zan ajiye maganan mijina."

Minti arba'in tana magana. Abin da ta faɗa nata ne, ba zan rubuta ba. Sau ɗaya na sa baki, na ce na ji kamar tana kewarsa kuma tana jin haushinsa. Ta dube ni ta ce haka ne. Za ta dawo Laraba.

Na kai tambayarka. Madam ta ce haƙuri ba laifi ba ne, lokacinsa ne muke yi wa gaggawa: mutum bai gama sauke kayansa ba, mun ce ya ɗaure.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar sadakar uku ka kira ni zaure. Ka ce, "Muhibba, da safen nan ni da Lukman..." Ban bari ka ƙarasa ba. Na ce, "Baba, sai haƙuri." Ka gyaɗa kai, ka ce in je in taya Inna aiki. Ni na rufe maka baki, kuma sai yanzu na sani. Ka yafe min.

Me ya faru da safen ranar da ya rasu?

Na bar sauran shafin ba rubutu. In ka so ka cika shi, in ba ka so ba ka dawo min da shi haka, ba zan ce komai ba.

'Yarka,
Muhibba

Tungan Maje, 2 ga Afrilu

Muhibba,

Wa alaikumus salam. Ga takardarki na dawo da ita. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Fushi nake da shi, don ya bar koyarwa ya kama tuƙi ba da yardata ba. Da safen ya durƙusa ta wajen kunnena mai kyau, ya ce, "Baba, ina kwana, zan fita." Ban amsa ba. Ya maimaita. Innarki ta ce masa ya je, ban ji ba ne. Har yau haka ta sani.

Na ji shi sarai, Muhibba.

Sauran ba zai shiga takarda ba. Ki taho ranar Asabar, ki zo min da shirun nan naki.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Babanki