Kwamfutar da Ba Ta Hana Mma Barci

Zuwa ga yayana Awudu, a duk garin da yake,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan saƙo ya same ka cikin lafiya. Ni ce Memuna. A shafina na intanet na rubuta shi inda kowa zai gani, domin lambar da ka kira mu da ita daga Libiya ta daɗe da daina shiga. Wataƙila cikin masu karantawa a samu wanda ya san inda kake.

Labarin kwamfuta na zo in ba ka, tunda kai ka jefa ni cikin harkar.

Ka tuna shagon intanet na Maamobi inda kake aiki? In mun tashi daga Islamiyya sai in biyo, ka ɗora ni a benci gaban waɗannan manyan injuna masu ƙeya. Ranar farko na ƙi taɓa komai, ka ce, "Ba ta cizo, Memuna, danna ki gani." Wata rana ka kwance bayan ɗaya ka nuna mini fankar ciki, ka ce duk injin da ke tunani sai ya yi zufa. Na yi kwanaki ina leƙa ƙarƙashin teburin ina neman zufar.

Yanzu sana'ata ke nan. Ina ɗaukar bidiyon biki da suna daga unguwarmu ta Nima har unguwar Malam, in dawo in yanka in haɗa. Kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, ga nauyi, in na shiga trotro, motar haya, da ita sai na kusa da ni ya yi ƙorafi. Batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta ita ma ta tafi.

Duk da haka da zan ci gaba da haƙuri da ita, ba don mahaifiyarmu Mma ba. Yaya, bayan Sallar Layya ta bara hawan jini ya kayar da ita. Gefen hagunta ya yi sanyi, ta bar suyar ƙosai a bakin lungu. Na mayar da aikina ɗakinta don in riƙa juya ta ina ba ta magani. To da na fara haɗa bidiyo sai fankar ta kama ruri, Mma ta farka ta ce, "Wa ke niƙan masara a kaina?" Barcin rana kuwa shi ne ɗan hutun da take samu. Ya zama ko in bar aikin, ko in bar gefenta, ni kuwa ba wanda zan iya bari a ciki.

Shi ya sa na nufi shagunan kwamfuta na unguwar Circle. Wallahi na sha mamaki. Akwai wadda ba ta kai faifai kauri ba, amma aka ce ta fi duk injunan shagonku ƙarfi in an haɗa su. Na yi ta juya ta ina neman inda iska ke fita. Ina zafin yake zuwa? Ta yaya suka cusa wannan aiki duka cikin abin da zan riƙe da yatsu uku? Kai nake ta so in tambaya.

Mai shagon da na fi daɗewa a wurinsa Ba'asante ne, Bra Kofi, a Zango cikin Hausawa ya tashi, yana jin Hausa irin tamu ta nan. Ya fara tura mini wata ƙatuwa ta masu wasan gem, mai fitilu kala-kala, ya ce, "Hajiya, wannan shi ba ya gajiya." Ƙarfi kam akwai shi, amma cajarta kaɗai ta kai rabin bulo, kuma da ta fara aiki sai na ji tsohuwar tawa ta dawo da sabuwar riga.

A wurinsa na koyi abin da ban sani ba. Yawancin siraran nan an manne ƙwaƙwalwarsu ne a jikin injin, ba a ƙara ta daga baya kamar yadda kake yi a da. Abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna, don haka ya ce in ɗauki mai wadatar ƙwaƙwalwa tun farko. Na kuma gane allo ma yana ƙarya. Wani allon sai ya nuna maka leshin amarya kore, alhali shuɗi ne.

Na je da bidiyona a filashi don in gwada su da aiki na gaske. Wanda na ɗauka na Mma ne, tun tana da lafiya, tana tsame ƙosai daga mai, hayaƙi na tashi, ga mayafinta ruwan goro. Na sa kowace ta haɗa shi, ni kuma na kara kunnena a jikinta. Bra Kofi ya tambaye ni abin da nake saurare. Da na gaya masa, sai ya kashe kiɗan shagonsa, ya leƙa ya roƙi maƙwabcinsa shi ma ya rage nasa. Muka tsaya mu biyu muna sauraren kwamfuta kamar masu jiran jariri ya yi numfashi.

Mafi sirantar cikinsu ta yi shiru, amma kafin ta gama ta yi zafin da ba na iya ɗora tafin hannu, ta kuma rage gudu. Na bar ta duk da kyanta. Na ɗauki wata mai inci goma sha huɗu, ta ɗan fi kauri. Fankarta tana motsi, amma sai ka matso za ka ji. Ita ce kuma ta nuna mayafin Mma da ainihin launinsa. Aibinta shi ne ramukan jona kaya kaɗan ne, dole in riƙa yawo da ƙaramin mahaɗi a jaka. Ban sani ba ko kai da ita za ka zaɓa. Na fi zaton da sai ka kwance bayanta tukuna.

Da na kawo ta gida na ɗora wa Mma a cinya. Ta ɗaga ta da hannunta mai lafiya, ta ce, "Ina sauran?" Na ce ita ke nan gaba ɗaya. Ranar na yi aiki daga azahar zuwa la'asar a gefenta, an ɗauke wuta an kawo, Mma na barci ba ta ko motsa ba.

Da ta farka ta daɗe tana kallon allon. Can ta ce, "Wannan abin yana kaiwa har inda Awudu yake?" Na ce yana kaiwa, in mun san inda yake. Sai ta ce in ɗauko mata mayafinta na zuwa biki, in gyara mata zama, in kunna kyamara.

Ta yi maka magana, Yaya. Bakinta ya ɗan karkace, kalmomin suna fita a hankali, amma ban yanke ko ɗaya ba. Ba zan sa bidiyon a nan ba, domin naka ne kai kaɗai. Abu ɗaya ta yarda in faɗa a fili, ta ce ba ta fushi da kai, kuma ba sai ka zo da komai ba.

Ina yawan tunanin wane aiki kake yi yanzu, da wane harshe kake gaisawa da mutane da safe, ko furfura ta fara fito maka. In zuwa ya yi wuya, turo lamba kawai in aika maka da saƙonta. Sai dai kar ka ja lokaci, jikin nata ba kamar yadda ka bar shi ba ne.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya buɗe maka hanyar gida, Ya ba Mma lafiya da tsawon ran da za ta ji amsarka da kunnenta. Amin.

Taka ƙanwa,
Memuna,
daga ɗakin Mma a Nima.